Darasin Wannan Wata: Noman Furen Wardi a Lambun Gida

 

A darussan baya mun yi magana a kan masara da dankali da kiwon kaji. A wannan wata za mu duba wata shuka wadda ba a yin tuwo da ita, watau wardi, wanda masu sayar da fulawa suke kira ros. Mun sani wani zai ce, "Yara suna neman abinci, ku kuna zancen fure?" Tambayar tana da nauyi, za mu kuwa amsa ta kafin mu taɓa fartanya.

Wuraren karatu: Farawa 2:8-15, Luka 14:28-30, Yohanna 15:1-8. Shugaban ƙungiya ya sa mutum uku su karanta tun kafin a fara darasi.

1. Ko ya kamata manomi ya shuka fure?

A cikin Farawa mun ga gonar farko tana da itatuwan abinci, tana kuma da waɗanda suke faranta ido. Allah ne ya dasa duka biyu, ya kuma ba mutum aikin lura da su. Saboda haka ba aikin banza ba ne mutum ya gyara ƙofar gidansa ko harabar majami'a da furanni. Ban da haka kuma wardi yana da kasuwa. Ana nemansa domin ɗaurin aure, da jana'iza, da Kirsimeti, da Ista, da manyan masaukai na birni. Ekklisiyar da take da gindi 10 a bayan gidan Fasto ba ta bukatar ta taɓa kuɗin baiko ta sayi furen roba.

Amma fa karatunmu na Luka yana koya mana mu zauna mu yi lissafi kafin mu soma gini. To, ga lissafin. A lokacin rani kowane gindin wardi yana bukatar ruwa kamar garwa ɗaya, watau lita 18, kowane mako. Daga Nuwamba zuwa Afrilu mako 26 ne. Gindi 10 za su sha garwa 260. Gindi 100 za su sha garwa 2,600. Wa zai ɗebo wannan ruwa? Idan mata da yara ne za su ɗauko shi a ka daga rafi mai nisa, ko kuwa idan rijiyar da gari yake sha tana ƙafewa a Maris, to, wardi zai kawo rigima a gida da cikin ekklisiya. Shawararmu ita ce, abinci da ruwan sha su ne kan gaba. Kada a cire tumatir ko alayyaho domin a sa fure. A fara da gindi 5 zuwa 10, a gani shekara guda tukuna.

2. Inda wardi yake yi

Wardi ɗan ƙasar sanyi ne. Irinsa na jeji sun fi 100, yawancinsu a Asiya da Turai da Amurka ta Arewa. A kudu da hamadar Sahara iri ɗaya ne tak yake fitowa da kansa, a kan duwatsun Habasha. Wannan ya nuna mana abin da yake so: rana da tsakar rana, sanyi da dare.

A Nijeriya ya fi yi a wurare masu tudu. Jos tana kan tudu kamar ƙafa 4,000, watau wajen mita 1,200, sama da teku. Haka kuma Bukuru, da Vom, da Barkin Ladi, da Bokkos, da Pankshin duk ƙasar sanyi ce. Tsaunin Mambila ya ma fi Jos tudu. A waɗannan wurare fure yakan yi girma, launinsa ya fito sosai, karansa ya yi tsawo. 'Yan'uwa da suke kusa da tafkunan da masu haƙar kuza suka bari suna da ruwan rani, to, sun fi kowa dama.

A ƙasar zafi kamar Kano ko Yola ko Maraɗi wardi yakan rayu, amma furensa mai kyau na hunturu ne. Da bazara furen yakan ƙanƙance, ya buɗe da wuri, ya zube. Mai son shuka shi a can ya nemi wurin da zai sami ranar safe, da inuwa daga azahar. Ya shuka domin gida da majami'a, kada ya sa rai ga kasuwa.

Manoman ƙasar Kenya suna noma wardi da yawa a gefen tafkin Naibasha, wanda yake kan tudu fiye da mita 1,800. Jirgin sama yana kwasarsa da dare zuwa babbar kasuwar fure ta Alsmiya a ƙasar Holan. Amma su suna da ɗakunan leda, da ɗakunan sanyi, da motoci masu firji. Mu ba mu da waɗannan, saboda haka kasuwarmu ita ce wadda za mu iya kai wa fure a ranar da muka yanke shi.

3. Iri da yadda za a tara su

Wardin da Turawa suka sani a dā yawancinsa sau ɗaya yake fure a shekara. A ƙarshen ƙarni na 18 aka kai waɗansu iri daga ƙasar Sin zuwa Turai, masu yin fure a kai a kai. Da aka gauraya su da na Turai sai aka sami irin da muke gani yau. A 1867 wani mai lambu a Faransa, Guillot, ya fito da iri mai suna La France, wanda ake ɗauka shi ne farkon wardin zamani mai babban fure ɗaya a kan dogon kara. Waɗansu sanannun iri su ne Peace, rawaya mai ɗan ja-ja a baki, wanda aka raɗa wa suna a Amurka a 1945. Da Queen Elizabeth, mai ruwan hoda, na 1954. Da Iceberg, fari, wanda ya fito daga Jamus a 1958.

Mu manoma sai mu raba su kashi huɗu:

(a) Mai babban fure ɗaya a kan kara. Shi ne na yanka da na sayarwa.
(b) Mai fure tuli a kan reshe ɗaya. Ya fi jure wahala, ya kuma dace da harabar majami'a.
(c) Mai yaɗo. Ana ɗora shi a kan shinge ko ƙofa.
(d) Mai ƙanshi na turare. Da irin wannan ne ake yin ruwan wardi a Ɗa'ifa ta ƙasar Makka, da Maroko, da Bulgariya. Sai an tara fure kilo 3,000 ko fiye kafin a sami kilo ɗaya na mansa, shi ya sa yake da tsada.

Tara iri yana da daɗi, amma yana da tarko. Mu kanmu mun taɓa sayen dashe 12 a bakin hanya, mai sayarwa ya ce mana duka ja ne. Muka yi reno wata 8, sai uku kaɗai suka ba da jan fure, sauran suka fito da ƙananan furanni farare na jeji. Tun daga ran nan ba mu sayen dashen da ba mu ga furensa ko furen uwarsa ba. Hanya mafi sauƙi ita ce musaya. Kowane ɗan ƙungiya ya riƙe iri biyu ko uku, lokacin aski a ba juna rassa. Magatakarda ya buɗe littafi, ya rubuta sunan iri ko launinsa, da gidan da aka samo shi, da ranar dasawa, da yadda ya yi da damina. Bayan shekara 2 littafin nan zai faɗa mana irin da ƙasarmu ta karɓa. Wanda yake kakkaɓe ganye kowace damina a tumɓuke shi, kome kyan furensa.

4. Yadda za a sami dashe

Hanya ta fari ita ce ta yankan reshe.

Na ɗaya, a zaɓi reshe lafiyayye wanda ya gama fure, mai kaurin fensir. Wanda ya yi laushi ƙwarai zai ruɓe, wanda ya tsufa ƙwarai kuma ba ya saurin yin saiwa.

Na biyu, a yanka shi tsawon inci 8, da ido 3 ko 4. Ido shi ne ɗan kumburin da yake a hammatar ganye, inda sabon toho yake fitowa. Yankan ƙasa ya kasance dab da ƙarƙashin ido.

Na uku, a cire ganyayen ƙasa, a bar biyu a sama.

Na huɗu, a cika leda da yashi kashi ɗaya da ƙasa mai kyau kashi ɗaya, a huda gindin ledar. A soka reshen har rabinsa ko fiye ya shiga. A lura kada a juya shi kai ƙasa.

Na biyar, a ajiye a inuwa inda iskar hunturu ba ta bugawa. Ƙasar ta zauna da laima, amma kada ta yi caɓi.

Saiwa takan fito cikin mako 4 zuwa 8. Kada a riƙa zare reshen ana dubawa. Ba duka ne za su kama ba, saboda haka mai son 10 ya soka 20. Rassan da aka soka a Nuwamba za su isa dasawa a Mayu, sa'ad da ruwa ya sauka.

Hanya ta biyu ita ce aure, kamar yadda ake yi wa mangwaro da lemo. Ana ɗaukar ido ɗaya na iri mai kyau, a tsaga ɓawon wardin jeji mai saiwa mai ƙarfi, a cusa idon, a ɗaure da leda. Bayan mako 3, in idon yana nan kore, ya kama. Sa'an nan a datse kan na jejin a bisa wurin auren. Wannan aiki yana son hannu, sai a roƙi malamin gona ya nuna wa ƙungiya. Wanda ya sayi wardi mai aure ya sa ido: duk tohon da ya fito daga ƙarƙashin wurin auren na jeji ne. A fizge shi tun daga tushe. In an bar shi zai shanye abincin mai kyan har ya kashe shi.

5. Wuri da dasawa

Wardi yana son rana awa 6 ko fiye. Kada a dasa shi a ƙarƙashin mangwaro ko kusa da itacen turare, gama saiwoyinsu za su ƙwace ruwa da taki. Ba ya son wurin da ruwa yake kwanciya. In ana shakka, a haƙa rami a cika shi da ruwa da yamma. Idan da safe ruwan yana nan, sai a tayar da kunya mai tudu a dasa a kai.

A haƙa rami ƙafa 2 faɗi, ƙafa 2 zurfi, da tazarar ƙafa 3 tsakanin gindi da gindi. Ƙasar sama a ajiye ta gefe ɗaya, a gauraya ta da takin shanu wanda ya ruɓe sarai, bokiti guda. Ɗanyen kashin kaji yana ƙone saiwa, sai ya yi watanni a rami tukuna. A yaga ledar a hankali don kada ƙasar ta warwatse, a sa dashen daidai zurfin da yake a leda, a danna ƙasa, a ba shi ruwa sosai. Furannin farko da zai ƙulla a tsinke su da farce. Abin da ciwo, amma ƙarfin zai koma ga saiwa da rassa.

Tun kafin a dasa, a yi shinge. Akuya ba ta tsoron ƙayar wardi, cikin sa'a ɗaya za ta cinye aikin wata 6.

6. Ruwa da taki

A zuba ruwa a gindi da safe, kada a watsa a kan ganye. Rabin garwa sau biyu a mako ya fi ɗan yayyafi kowace rana, domin ruwa mai yawa yana jan saiwa ƙasa. A Maris da Afrilu a ƙara. Ruwan ɗauraye hatsi ko kayan miya yana da amfani, amma ban da ruwan wanki mai omo ko mai gishiri.

A rufe gindi da busasshiyar ciyawa ko ɓawon gyaɗa domin laima ta daɗe. A bar filin tafin hannu kewaye da karan, a kuma riƙa ɗagawa ana duba gara. Bayan kowane zagayen fure a ƙara ruɓaɓɓen taki cikin kwano guda. Mai takin zamani ya barbaɗa cikin akwatin ashana ɗaya nesa da kara, ya bi da ruwa nan da nan.

7. Aski

A cikin Yohanna 15 Ubangiji ya yi misali da mai gonar inabi wanda yake cire reshe marar amfani, yana kuma gyara mai ba da 'ya'ya. Wardi ma haka yake, gama a kan sabon toho yake fure. Wanda ya ji tausayinsa ya ƙi datsa zai sami dogon daji mai ƙaya da furanni ƙalilan.

A yi aiki da almakashin lambu ko wuƙa mai kaifi ƙwarai. A goge ta da sifirit kafin a wuce zuwa wani gindi, don kada a ɗauki cuta a kai masa. A cire matattun rassa, da sirara, da masu gogar juna, da masu shiga tsakiya. A bar rassa 4 ko 5 masu ƙarfi, a rage tsawonsu da kashi ɗaya cikin uku, ko rabi. Kowane yanka ya zama a karkace, kaɗan a bisa idon da yake duban waje. A sa safar hannu, gama ƙaya da ƙasa mai taki suna iya kawo ciwon tetanus ga wanda bai yi allurar rigakafi ba.

Ga wani abu da zai taimaki ƙungiya. Daga aski zuwa fure yakan ɗauki mako 6 zuwa 8, sanyi kuwa yana jinkirta shi. Mai son fure ranar Kirsimeti ya yi aski tsakanin 30 ga Oktoba da 6 ga Nuwamba. Yankan furen Kirsimeti shi ma aski ne, saboda haka wani zagaye zai zo wajen tsakiyar Fabrairu, lokacin da mutanen birni suke neman jan wardi. Domin Ista kuma a ƙirga mako 7 baya.

8. Cututtuka da ƙwari

Baƙin tabo. Shi ne babban magabcin wardi daga Yuli zuwa Satumba. Ganye yakan yi ɗigo-ɗigo baƙi, ya koma rawaya, ya faɗi. Cutar tana bin fantsamar ruwa, tana kuma kama ganyen da ya daɗe a jiƙe. A tsinke ganyayen da suka kamu, a share waɗanda suka zuba, a ƙone. Kada a zuba su a ramin taki.

Farar fumfuna. Takan fito kamar an barbaɗa gari a kan toho, musamman lokacin da dare yake da sanyi da raɓa, rana kuma a bushe. A datse wurin, a buɗe tsakiyar itacen iska ta ratsa.

Darɓa. Ƙananan ƙwari ne masu taruwa a kan toho suna tsotse ruwansa. A murtsuke su da yatsa, ko a yi maganin darbejiya: a daka busasshiyar ƙwayarta rabin kilo, a jiƙa a ruwa lita 10 ta kwana, a tace, a sa ɗan sabulu, a fesa da yamma a ranar.

Muna roƙonku, 'yan'uwa, kada a yi garaje da maganin ƙwari mai guba a tsakar gida inda yara da kaji suke yawo. Tsofaffinmu sun saba da Gammalin, amma sinadarin da yake cikinsa an hana yin noma da shi tun 2009 bisa ga yarjejeniyar ƙasashen duniya ta Stockholm. In dole ne a fesa wani magani, a tambayi malamin gona, a bi abin da aka rubuta a jikin kwalba, kada kuma a sa furen cikin abin sha.

9. Yanka da sayarwa

A yanka da sassafe, sa'ad da ƙullin furen ya nuna launi, ya fara sakin baki. A bar ganye biyu cikakku a kan reshen da ya rage, domin daga nan sabon toho zai fito. A tafi lambu da bokitin ruwa mai tsabta, kowane kara ya shiga ruwa nan take. A cire ganyayen da za su nutse, a ajiye a ɗaki mai sanyi. Ƙaramin cokali ɗaya na sukari da ɗigo 3 na bilic cikin lita ɗaya na ruwa suna ƙara masa kwana. Da kyakkyawar kulawa yakan kai kwana 5 zuwa 7.

Fure ba masara ba ne da za a zuba a rumbu a jira farashi ya tashi. A sami mai saye kafin a yanka. Ƙungiya ta zaɓi mutum ɗaya amintacce mai kai kaya gari, ma'aji ya rubuta kara nawa kowa ya kawo, da kuɗin mota, da abin da aka samu. Yawanci mata ne suke ban ruwa. Adalci shi ne kuɗin fure ya shiga hannun wadda ta ɗebo ruwan. Dashe a leda shi ma abin sayarwa ne, ba ya kuwa lalacewa in bai sami mai saye yau ba.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Ina ruwan ranin garinmu yake fitowa? Zai ishi mutane da dabbobi da lambun miya, har ya rage domin fure?
2. Nawa ekklisiyarmu ta kashe bara a kan kayan ado na bukukuwa?
3. Wane gida ne a cikinmu yake da wardi? Wane launi ne, yaya kuma yake yi da damina?
4. In mun yanka fure da ƙarfe 6 na safe, ƙarfe nawa zai kai hannun mai saye?
5. Bisa ga Yohanna 15, wane abu ne a aikin ƙungiyarmu yake cin ƙarfi ba ya ba da amfani?

Aikin wannan wata

Kowace ƙungiya ta soka rassa 20 a leda, ta sa wa mutum biyu, mace da namiji, aikin lura da su. Bayan mako 8 a ƙirga waɗanda suka kama, magatakarda ya rubuto mana adadin da irin wahalar da aka sha, domin mu buga sauran ƙungiyoyi su ƙaru. A rufe taro da addu'a, a tuna da garuruwan da rijiyoyinsu suke ƙafewa da rani. Ubangiji ya sa albarka ga aikin hannuwanku. Amin.